Ƙilisa da Sukuwa: Abin da Ke Riƙe da Mahayan Manyan Babura Masu Silinda Biyu

Sturgis ɗan ƙaramin gari ne a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, mazaunansa wajen 7,000 ne. Amma duk watan Agusta sai ya wayi gari baƙi sun kusa rabin miliyan, kuma akasarinsu a kan babur suka zo. A 2015, lokacin da aka yi taron karo na 75, waɗanda suka halarta sun haura 700,000. Taron ya samo asali ne a 1938, da wani dillalin baburan Indian mai suna Clarence Hoel ya shirya 'yar tsere shi da abokan hawansa. Yau babban titin garin kan cika maƙil da babura, an jera su kafaɗa da kafaɗa har tsakiyar hanya, kuma idan mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai tarar mafi yawansu samfuri ɗaya ne: manya, masu nauyi, sirdinsu can ƙasa, injinsu kuma silinda biyu ne da suka buɗe kamar cinyoyin almakashi.

A lissafin takarda, bai kamata wannan babur ya sami mai saye ba. Ɗauki Fat Boy na kamfanin Harley-Davidson: nauyinsa ya haura kilo 300, ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba a injinsa da ake kira 114. Ajiye shi kusa da BMW S 1000 RR, wanda nauyinsa bai cika kilo 200 ba amma ƙarfinsa ya zarce na doki 200. Na biyun ya fi gudu, ya fi birki, ya fi iya shan kwana, kuma sau da yawa ya fi araha, domin farashinsa na farko bai kai dala 20,000 ba, alhali manyan Harley na doguwar tafiya sun wuce dala 25,000. Duk da haka mutane na ɗaukar kuɗinsu da hankalinsu su zaɓi mai nauyin. Masu baburan tsere kan ce ai son suna ne da tsufa. Akwai wannan, kuma zan zo kansa. Sai dai ina ganin wanda ya tsaya a nan bai saurari injin da kyau ba.

Bugun da ke ɗingishi

Harley-Davidson ya fara ne a 1903 a wata 'yar rumfar katako a birnin Milwaukee, inda William Harley da 'yan'uwa 'yan gidan Davidson suka ƙera babur mai silinda ɗaya. A 1909 suka so ƙarin ƙarfi ba tare da sun sauya jikin babur ɗin ba, sai suka ƙara silinda ta biyu a kan akwatin injin, suka ware su da kusurwar digiri 45 domin su shiga cikin firam ɗin da suke da shi. Dabara ce ta rage kashe kuɗi. Daga cikinta ne sautin da duniya ta sani ya fito.

Ga yadda abin yake. Injin babur irin wannan yana buƙatar ƙarfen juyi, wato kuranshaf, ya zagaya sau biyu, digiri 720, kafin kowace silinda ta yi wuta sau ɗaya. A inji mai silinda huɗu a jere, irin na baburan tsere na Japan, wutar tana tashi ne daidai wa daida, duk bayan digiri 180, shi ya sa sautinsa ke zuwa a miƙe kamar yagar sabon yadi, idan ya yi sama kuma ya koma ƙara mai tsini. A Harley fistin biyun suna rataye ne a hannu ɗaya na ƙarfen juyin. Silinda ɗaya ta yi wuta, bayan digiri 315 ɗayar ta amsa, sannan a yi shiru na digiri 405 kafin a sake. Bugu biyu kusa da juna, sai ɗan numfashi. Amurkawa kan kwaikwayi sautin da maimaita sunan dankali a harshensu. Kunnen Bahaushe kuwa zai fi jin lugude a ciki, irin na 'yan mata biyu a turmi guda, wannan ta sauke taɓarya waccan ta bi, a ɗan saurara, a sake.

Darajar wannan sauti ta kai inda a 1994 kamfanin ya nemi hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Amurka ta mallaka masa shi. Abokan hamayyarsa, ciki har da kamfanonin Japan, suka yi ca, suna cewa duk injin da aka ƙera a wannan tsari haka zai yi ƙara. Aka yi shekara shida ana ja-in-ja, a 2000 Harley ya janye buƙatar. Kafin nan ma Honda ta riga ta nuna inda kasuwa ta dosa. Ta daɗe tana ƙera Shadow da hannu biyu a ƙarfen juyi domin injin ya yi laushi, amma a 1995 ta fitar da Shadow ACE mai hannu ɗaya, wanda ya fi na da girgiza kuma bai kai shi ƙarfi ba. Kamfanin da ya yi suna a duniya wajen gyara aibin inji ya mayar da aibin da gangan, saboda shi masu saye ke nema.

Sautin ma ba a kunne ya tsaya ba. Mai zaune a kan babur ɗin yana jin kowane bugu a tafin ƙafa da cinya da hannu. A danja, injin na sulo, madubi na rawa, mutum zai iya ƙirga wutar da ke tashi a ƙarƙashinsa. Lokacin da Harley ya fitar da sabon injinsa Milwaukee-Eight a 2016, injiniyoyin sun sa masa ƙarfen daidaita girgiza, amma a manyan baburan tafiya ba su kashe girgizar duka ba, sun bar wani kaso domin mahayi ya san injin na raye.

Inda ƙarfin yake zaune

Injin 114 yana da girman sisi 1,868. Kenan silinda ɗaya tak tana da 934, ta kusa girman injin S 1000 RR gaba ɗayansa mai 999, ta kuma ninka injin Boxer ɗin 'yan acaɓa sau tara. Fistin ɗinsa yana tafiyar milimita 114 daga sama zuwa ƙasa, na BMW kuwa bai cika 50 ba. Wannan bambanci shi ne tushen halin kowannensu. Fistin mai doguwar tafiya ba ya iya saurin kai-komo, amma kowane bugunsa yana murɗa taya da ƙarfi. Mai gajeriyar tafiya bugunsa ba shi da nauyi sosai, sai dai yana iya maimaita shi da saurin da ido ba ya gani.

Saboda haka babban Harley mai injin 114 yana ba da iyakar ƙarfin murɗarsa, wajen Nm 155 zuwa 160, tun injin na juyi 3,000 da 'yan kai a minti. S 1000 RR kuwa sai ya kai juyi 11,000 kafin ya ba da nasa 113, dawakansa 200 ɗin kuma ba sa fitowa duka sai an haura 13,000. Ma'anar wannan a kan kwalta ita ce: mai Harley yana tafiyar kilomita 80 a giyar ƙarshe, ya ga tirela a gabansa, ya murɗa totur kaɗan, sai ya ji kamar wani ƙaton hannu ya dafa bayansa ya tura. Bai taɓa giya ba, injin bai yi ihu ba. Ƙarfin yana nan kusa, daidai inda mutum yake yini.

Mai babur ɗin tsere na sisi 1,000 kuwa, giyarsa ta farko kaɗai tana iya kai shi kusan kilomita 150 a awa. Daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa uku ce. Dokar gudu a manyan hanyoyin yawancin ƙasashen Turai ba ta wuce 120 ko 130 ba. Wato kafin ya saka giya ta biyu cikin shida da yake da su, ya riga ya karya doka. Duk abin da ya biya kuɗi dominsa yana can sama, a wurin da hanyar jama'a ba ta yarda a je ba. Rayuwarsa a titi rayuwar jan linzami ce.

Mutanen da suka san doki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Akwai dokin sukuwa, siriri mai zafin nama, wanda ba a ganin kyansa sai an sake masa linzami a fili. Akwai kuma ingarman da ake yi wa ado a fita ƙilisa da la'asar, yana taku ɗaiɗai, yana jijjiga wuya, mahayinsa zaune daram yana amsa gaisuwa. Ba wanda zai ce ingarman nan bai cika doki ba don an tsere masa a fage. Abin da ake so a wurinsa yana cikin kowane taku, tun daga ƙofar gida. Babban babur mai silinda biyu na ƙilisa ne. Daɗinsa yana farawa daga kilomita 40, ya cika a 100, kuma mutum mai matsakaicin gwaninta zai iya shanye shi duka ba tare da ya sa ransa a caca ba. A ganina wannan shi ne sirrin, ya fi suna da talla nauyi.

Zaman ma daban yake. Sirdin Fat Boy bai kai santimita 70 daga ƙasa ba, ƙafa biyu na taka ƙasa sosai, hannu a miƙe, baya a tsaye, ido na kallon gari. A babur ɗin tsere sirdin ya haura santimita 80, maƙallan ƙafa suna baya kuma a sama, hannuwan tuƙi suna ƙasa, mutum ya kwanta a kan tanki kamar mai shirin yin tsalle. A gudun 200 iska ce ke tallafe ƙirjinsa, zaman ya zama daidai. A cunkoson gari kuwa nauyinsa duka a wuyan hannu yake, wuya a ɗage, gwiwa a naɗe. Bayan awa ɗaya, jiki magayi.

Haƙƙin dokin sukuwa

Ba zan yarda a raina babur ɗin tsere ba, domin yana cikin mafi kyawun abin da hannun ɗan Adam ya ƙera. Labarinsa na zamani ya soma ne a 1969 da Honda CB750, mai silinda huɗu, birkin faifai a gaba, da maɓallin tayarwa, a farashin da ma'aikaci zai iya biya. Ba ya ɗigar da mai, ba ya ƙin tashi da safe. Cikin 'yan shekaru kaɗan manyan kamfanonin Ingila irin su BSA da Norton da tsohon Triumph, waɗanda suka yi shekaru suna mulkin duniya da injinansu masu silinda biyu a jere, suka durƙushe. Kawasaki ya biyo da Z1 a 1972, sannan GPZ900R da aka laƙaba wa Ninja a 1984. Suzuki ya kawo GSX-R750 a 1985 da firam na alminiyam, kusan babur ɗin gasa ne aka manna wa fitila. Tadao Baba na Honda ya fito da Fireblade a 1992, ya nuna cewa rage nauyi ya fi ƙara ƙarfi amfani. Yamaha R1 ya zo a 1998. A 1999 Suzuki Hayabusa ya haura kilomita 300 a awa, abin ya tayar da hankalin hukumomin Turai har kamfanonin suka yi yarjejeniya tsakaninsu suka ƙayyade gudun baburansu a 299.

Wanda yake so ya ga iyakar abin da waɗannan babura ke iyawa, ya kalli gasar TT ta tsibirin Man, da ake yi tun 1907 a kan hanyoyin gari, tsakanin gidaje da katangun dutse. Zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 60. A 2023 Peter Hickman ya zagaye shi a kan BMW da matsakaicin gudun da ya kai kusan kilomita 219 a awa. Matsakaici fa, har da kwanoni da gangare da tsakiyar ƙauyuka. Wannan hanyar kuma ta ci rayukan mahaya sama da 260 tun 1911.

Baburan tsere na yau suna ɗauke da kwamfuta da ke auna karkacewar babur da zamewar taya sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ta rage wuta idan tayar baya za ta sulale, ta hana tayar gaba tashi sama, ta sassauta birki a tsakiyar kwana. Mutumin da ya kai irin wannan babur filin tsere, ya koyi yadda ake kwantar da shi har gwiwa ta shafi kwalta, ya ɗanɗani abin da mai Harley ba zai taɓa samu ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Damuwata ita ce yawancin masu saye ba filin tsere suke zuwa ba. A titi suke, tare da motocin haya da masu tsallaka hanya. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta fitar da rahoto a 2007 da ya nuna cewa idan aka auna da yawan baburan da aka yi wa rajista, mutuwar mahayan baburan tsere ta kusa ninka ta mahayan baburan ƙilisa sau huɗu. Shekarun mahayan na da hannu a ciki, domin samari ne suka fi hawan na tsere. Amma injin da ba ya faranta rai sai an kai shi sama yana kiran mutum zuwa saman, kuma ba kowa ke iya toshe kunne ba.

Yadda tsohon ƙarfe ya tsira

Abin da ya ci Ingila ya kusa cin Milwaukee. Indian, babban abokin hamayyar Harley wanda aka kafa a 1901, ya rufe masana'antarsa a 1953. A 1969, shekarar da CB750 ya fito, wani kamfani mai suna AMF ya sayi Harley, ya ƙara yawan ƙira, inganci ya faɗi. Baburan wancan zamani sun yi ƙaurin suna wajen ɗigar da mai da kwancewar kusoshi. A 1981 manyan ma'aikata 13, ƙarƙashin Vaughn Beals, tare da Willie G. Davidson jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, suka ciwo bashi suka fanshe shi. A 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ɗora haraji mai nauyi a kan baburan waje da suka wuce sisi 700 domin kamfanin ya numfasa. A 1984 injin Evolution ya fito, wanda ya daina ɗigar mai kuma yake jure doguwar tafiya. Zuwa 1987 Harley da kansa ya nemi a cire harajin, shekara guda kafin wa'adinsa.

Shawarar da ta fi muhimmanci a wancan lokaci ita ce ƙin shiga tseren da ba za su ci ba. Ba su yi ƙoƙarin kamo Japan a gudu ba. Suka juya baya suka duba tarihinsu, injin Knucklehead na 1936 da Panhead na 1948, da dubban baburan soja da suka ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, suka fara ƙera sababbin babura masu kamannin na da. Firam ɗin Softail na 1984 ya ɓoye abin shan gargada a ƙarƙashin akwatin giya domin babur ɗin ya yi kama da na shekarun 1940 da ba shi da shi. A 1983 kuma suka kafa ƙungiyar masu Harley, HOG, wadda ta bazu duniya. Wanda ya sayi babur ya sayi 'yan'uwa: fita ta ranar hutu, rigar fata mai tambari, taron tara kuɗin taimako, mutanen da za su tsaya idan sun gan shi a gefen hanya. Fina-finai suka ƙara gishiri, daga Easy Rider na 1969 zuwa Terminator 2 na 1991, inda Arnold Schwarzenegger ya hau Fat Boy shekara guda bayan fitowarsa.

To, nan ne masu cewa son suna ne suke da hujja. Akwai likitoci da lauyoyi da suke sayen kamannin ɗan tawaye na ƙarshen mako. Amma talla ba ta riƙe mutum shekara talatin a kan sirdi ɗaya. Kuma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: injin a fili yake. Babur ɗin tsere lulluɓe yake da roba daga kai zuwa ƙafa, ba a ganin abin da ke ciki, gyaransa kuma sai da kwamfutar dillali. A tsohon Harley kuwa komai na gaban ido, silinda da fiffikenta na shan iska, bututun sandunan tura bawul, salansa. Mutum zai iya zama a garejinsa ranar Asabar ya canza mai, ya sauya sirdi, ya ɗaga hannuwan tuƙi, har ya kwance injin idan yana da haƙuri. Da wuya ka ga Harley biyu da suka yi shekara biyar a hannun masu su kuma suna kama ɗaya. Babur ɗin tsere na bana yakan mayar da na shekara biyar baya tsohon yayi. Mai silinda biyun kuwa tun ranar da aka ƙera shi tsohon yayi ne, don haka ba ya tsufa.

Ba Amurka ce kaɗai ke da wannan gado ba. BMW na ƙera inji mai silinda biyu da suka miƙe dama da hagu tun R 32 na 1923, kuma a 2020 ya fitar da R 18 mai sisi 1,802 da nauyin kilo 345, domin shiga kasuwar Harley kai tsaye. Moto Guzzi na Italiya ya juya nasa injin a kaikaice tun V7 na 1967, har idan aka murɗa totur a tsaye babur ɗin kan ɗan karkata gefe. Triumph da ya farfaɗo ya dawo da Bonneville. Kamfanin Polaris ya sayi sunan Indian a 2011 ya tayar da shi.

Nauyi kuwa nauyi ne

Masoyan manyan baburan nan ba su cika son a ambaci aibinsu ba, ni kuwa ina ganin ƙauna ta gaskiya ba ta ɓoye shi. Babur mai kilo 380, irin Road Glide, idan ya soma karkata a tsaye babu ƙafar da za ta tare shi, kuma ɗaga shi aikin dabara ne ko na mutum biyu. Tura shi baya a ɗan gangare wahala ce. A kwana, Fat Boy ba ya kai digiri 30 na kwanciya kafin maƙallan ƙafa su fara kartar kwalta, alhali baburan gasar MotoGP na wuce 60. Wanda ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa ba shi da sauran wurin gyara. Tsayar da wannan nauyi cikin gaggawa yana cin hanya. Injin da iska ke sanyayawa, idan aka tsaya a cunkoso, silindar baya takan gasa cinya, har kamfanin ya sa tsarin da ke kashe wutarta a sulo domin rage zafi. Sannan ga masu cire salansar kamfani su sa bututu tsirara, su hana unguwa barci. Suna cewa ƙara na kare rai domin direbobi na jin zuwansu. Ban gamsu ba. Ƙarar baya take tafiya, haɗarin kuma daga gaba yake zuwa.

A garuruwanmu ma ana ganin manyan babura jefi-jefi, a Abuja da Kaduna da Kano, wajen 'yan ƙungiyoyin hawa da 'yan sandan rakiyar manya. Mai sha'awar sayen ɗaya daga cikin nau'ukan biyu ya kamata ya yi tunanin zafin Afrilu a cikin gosulo, da ramukan da za su daki ƙasan babur mai gajeren tsayi, da yashin gefen kwalta da ke ɗauke tayar tsere, da makanikin da zai taɓa masa shi. Kuma sautin silinda biyu ba baƙo ba ne a nan. Dattawan da suka hau Honda CD175 da Roadmaster a shekarun 1970 da 1980 sun san shi, ko da yake nasu ƙanana ne kuma bugunsu a daidaice yake. Har yau idan suna tuna baburan nan, ba gudu suke ambata ba, kwarjinin tafiyar suke faɗa da yadda ake gane zuwan mutum tun daga bakin layi.

Babbar matsalar Harley ita ce mahayansa na tsufa tare da shi. A 2006 ya fitar da babura kusan 350,000. A 'yan shekarun nan ba ya kai 200,000. Duk lokacin da ya gwada sabon abu, nasa ne ke fara juya baya. V-Rod na 2001, wanda Porsche ya taimaka wajen ƙera injinsa mai sanyaya da ruwa, ya fi 'yan'uwansa ƙarfi, amma tsofaffin masoya suka ce ba Harley ba ne, aka daina shi a 2017. LiveWire mai lantarki na 2019 ya zo ba bugun silinda, kasuwarsa kuma ta yi sanyi. Saurayi ɗan shekara 25 ba shi da dala 25,000, kuma tarihin da ake sayarwa na kakansa ne.

Sai dai a ɗaya ɓangaren ma ƙasa na zaizayewa, kuma ta wata hanya da ta ba ni sha'awa ƙwarai. Tun 1992 injiniyoyin Honda suka gano a gasar duniya cewa idan aka tattara wutar silindu kusa da juna aka bar tazara a bayanta, tayar baya kan fi kama ƙasa kuma mahayi ya fi jin abin da take yi. Da irin wannan inji Mick Doohan ya yi ta cin tsere a farkon waccan shekara. Yamaha ya ɗauki makamancin tunanin a babur ɗin da Valentino Rossi ya ci kambun 2004 da shi, sannan a 2009 ya sa shi a R1 na kasuwa, silinda huɗu amma bugunsu a hargitse da gangan. Ducati kuwa ya shafe shekaru yana cin gasar manyan babura da silinda biyu, musamman bayan fitowar 916 a 1994. Bugun da ke ɗingishi ya shiga gidan sukuwa ta ƙofar injiniyoyi, ba ta ƙofar talla ba.

Kasuwa ta biyo baya. Dokokin hayaƙi na Turai, tsadar inshora, da ƙarancin masu saye sun tsuke baburan tsere masu silinda huɗu. Yamaha ya daina sayar da R6 na titi bayan 2020, daga 2025 kuma R1 a Turai na filin tsere ne kawai, ba a yi masa lamba. Abin da ya maye gurbinsu a hannun samari shi ne Aprilia RS 660 na 2020, Yamaha R7 na 2021, da Suzuki GSX-8R: jikin tsere, roba mai tsini, amma a ciki silinda biyu ce a jere, da ƙarfen juyi na digiri 270 wanda ke sa su yi wuta a tazarar da ba daidai ba, ɗaya ta buga, ɗayar ta amsa, a ɗan saurara. Ƙarfin R7 bai wuce na doki 73 ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na S 1000 RR, kuma yana ba da ƙarfin murɗarsa tun wajen juyi 6,500. Su kuma manyan Harley da Indian masu akwatunan kaya a gefe, tun 2020 aka buɗe musu gasarsu a filin Laguna Seca na Kalifoniya, inda mahaya ke kwantar da su har gwiwa a ƙasa, akwatunan na shafar iska, 'yan kallo kuma suna cika wurin.